Ni Kaɗai Na Kalli Darasin Feshi, Ni Kaɗai Kuka Kora

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Horaswa,
Shirin Koya wa Matasa Feshin Gona,
Shiyyar Gaya da Ajingi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen ofishinka. Sunana Sabi'u Haladu, daga Toranke. Idan sunan bai faɗo maka ba, ni ne wanda ka raɗa wa Waliyyi a gaban jama'a ranar rabon takardun shaida. Sunan ya bi ni har gida, ko a wurin mai shayi da shi ake kirana. Karatuna bai wuce aji uku na ƙaramar sakandare ba, a yi haƙuri da rubutun. Sau huɗu ina zuwa ofishinka a Gaya, masinja yana ce min ka fita, ni kuwa ina kallon motarka a gindin darbejiya. Shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Ku kuka kafa ƙa'ida cewa duk mai son takardar feshi sai ya kalli darussa goma sha biyu na bidiyo a shafinku na intanet, kuka kuma ce wa ƙungiyoyin manoma kada su ba marar takarda aiki. Mu talatin da biyu ne a rukuninmu. Ranar farko a ɗakin kwamfutar da kuka ware mana a Ajingi, na danna darasi na ɗaya, sai ga baƙin akwati, ba hoto ba murya. Na kira mai kula da ɗakin. Ya ce in daina wahalar da kaina, tunda aka buɗe ɗakin bidiyon bai taɓa motsi ba, in bar shafin a buɗe in je in sha fura in dawo, zan tarar da koriyar alama cewa na gama. Gaskiyarsa. Shafinku ba ya sanin ko mutum ya gani, daɗewar zama kawai yake ƙirgawa. Haka 'yan rukuninmu suka gama darasi goma sha biyu a kwana biyu, wasu suna gyangyaɗi, wasu suna kasuwa.

Na biyu. Ni ban iya haka ba. Maganin ƙwari guba ne, a bayana zan goya shi, a gonar mutane zan zuba shi. Sai na tafi Gaya wurin Habu mai gyaran waya da kwamfuta, kusa da tasha. Shi ya fahimtar da ni cewa bidiyonku ba ya tashi sai da wata 'yar manhaja da ake liƙa wa burauza, wato abin buɗe shafukan intanet, fulogin suke ce mata. Tsohuwa ce, masu ita sun daɗe da binne ta, sababbin burauza ba sa karɓarta. Duk shafukan bidiyo na duniya sun canza hanya, ko 'yar wayata mai fasasshen gilashi tana buɗe su. Naku ne kaɗai ya zauna a makabarta.

Mako uku ina zirga-zirga a bayan babur tsakanin Toranke da Gaya. Habu ya tono tsohuwar kwamfutarsa, ya sa mata tsohuwar burauza, ya sa fulogin ɗin. Ta ƙi. Ya cire ya sake, ta ƙi. Daga baya ya gano cewa tana duba kwanan wata ne, da ta ga lokacinta ya wuce sai ta kwanta. Sai ya mayar da agogon kwamfutar baya, shekaru da dama. Kwamfutar ta yi ta gargaɗi, muna danna a ci gaba. Can sai ga mutum ya bayyana, da farar riga da takunkumi da safar hannu, yana magana da Hausa tsantsa. Yallaɓai, ban san ko kai ka taɓa ganinsa ba. Dattijo ne mai giɓi, kuma ya iya koyarwa. Na kalli kowane darasi sau biyu, na cika littafi guda da rubutu.

Na uku. Ranar rabon takardu, a gaban dagatai da iyayenmu, aka kira mutum talatin da ɗaya. Da aka zo kaina sai ka ɗaga wata takarda, ka ce na'ura ta nuna wannan ya gama darussansa shekaru kafin a ƙirƙiro shirin, to ko dai waliyyi ne ko ɗan damfara. Zauren ya fashe da dariya. Na ɗaga hannu in yi bayani, ka ce Waliyyi ya zauna, ai ya riga ya san abin da za a faɗa. Mahaifina yana layi na biyu da rigarsa ta Sallah. Bai yi min faɗa ba. Da ma faɗan ya yi.

Ranka ya daɗe, agogon ne ya yi ƙarya, kuma don bidiyonku ya tashi aka sa shi ƙaryar. Amma ku da kuka iya gano kwanan wata, me ya hana ku gano cewa mutum talatin da ɗaya sun ci jarrabawar kallon baƙin akwati?

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni ci gaba da haƙuri. Nafi'u ɗan gwaggona yana cikin waɗanda ka miƙa wa takarda har kuka yi hoto. Darasi na bakwai ya ce in bakin famfo ya toshe, a sauke iskar tukuna, a tsokale shi da tsinke, kada a kuskura a hura da baki. Na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, tsakanin ni da shi wa ke da takarda? Ban ga laifinsa ba, kai ka koya masa wannan amsar. Farkon damina, a gonar wake a bayan gari, bakin famfonsa ya toshe. Ya kwance ya kai baki, iskar tana ciki. Maganin ya watsu masa a fuska. Masu noma a kusa suka yi ta shafa masa manja, don ba wanda ya san darasi na tara ya ce ruwa mai tsabta ake ta kwarara wa ido. Yanzu idonsa na hagu ya yi fari. Takardarka tana rataye a ɗakinsa cikin gilashi, da ido ɗaya yake kallonta. Gwaggo ta tambaye ni me ya sa ban hana shi ba tunda ni na gani. Wataƙila kai kana da amsar.

Ga abin da nake roƙo. A ranar kasuwar Ajingi, ka zo ɗakin kwamfutar nan da kanka, a gaban waɗanda suka yi min dariya, ka danna darasi na bakwai. In ya tashi, ni ɗan damfara ne, a rubuta a manna. In bai tashi ba, ka wanke sunana a zauren da ka ɓata shi, mahaifina yana zaune, ka ba ni takardata. Sannan a sauya bidiyon zuwa irin wanda waya ke buɗewa, Habu ya ce aikin yini guda ne. A kuma dawo da mutum talatin ɗin da suka rage su kalla da gaske, don har yanzu suna yawo a gonakin mutane da guba a baya. Kafin nan littafina yana nan, duk mai so ya zo, ba sai da takarda ba.

Ina roƙon Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ɗaukaka kujerarka, Ya tsare maka idanunka biyu, Ya sa ka yi amfani da su. Mun mayar da agogon kwamfuta baya ya koma. Idon Nafi'u kuwa mun gwada, asibiti biyu, bai koma ba.

Wassalam.

Sabi'u Haladu,
Toranke.