Wayifai ɗin Baba Ya Biyo Ni

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama, ya yara? Ni lafiya lau nake, aiki da godiya, sai dai gidan nan ya cika shiru.

Na sayi rawuta, na'urar raba wayifai, mai eriya huɗu don sabis ya kai ƙuryar ɗakina, bai kai ba. Mai shago ya ce na'urar kama sabis ta cikin kwamfutata ce ta tsufa, ya ba ni ƙarama ta maƙalawa. Ya ce, "Wannan har na nesa tana jawowa."

Yaya, ta jawo. Ina maƙala ta sai ga sunan da marigayi Baba ya raɗa wa wayifai ɗin gidanmu. Kwamfutar ta shiga da kanta, ba ta nemi lambar sirri ba. Sabis ɗin ya fi ƙarfi jikin bangon maƙwabta, kuma tun zuwana garin nan ba kowa a wancan ɗakin.

Kada Mama ta ji. Don Allah ka duba kwalin kayansa. In rawutarsa tana nan, ka gaya mini. In ba ta nan, ka ce mini tana nan.

Ƙanwarka.