Hular Wayoyi da Hannun Dama

Litinin

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa mai yawa. Jiki da sauƙi, sai dai jiri da safe. Ki yi haƙuri da rubutun, da hagu nake yi, tun da ɓarin dama ya shanye.

An fara mini wani sabon magani a asibitin. Suna ɗaura mini wata hula mai wayoyi, da soso jiƙaƙƙe a ciki, su kunna. Babu yanka, babu allura, sai ɗan ƙaiƙayi kamar tururuwa na yawo a ka. Hular na kaina, ma'aikaciya mai gashin ƙashi za ta zube maɓallai a tebur, ta ce in tsince da dama. Ta ce hular tana farkar da ƙwaƙwalwa ne kawai, aikin na hannu ne.

Ga dalilin wasiƙar. Ba za su sallame ni ba sai wani nawa ya zo an koya masa yadda zai riƙa motsa mini hannun a gida. Sun sa Asabar. Ina so in koma ɗakina.

Ki gaida yara.
Yayanki

*

Laraba

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Wai yanzu kai ne aka jona wa waya kamar rediyo? Kai da ko fitila ba ka yarda ka taɓa da jiƙaƙƙen hannu! To in ka fara kamo labarai ka faɗa mana.

Na yi dariya, na kuma yi kuka, don sai da jikata ta karanto mini rubutunka. Kai da malamai ke nuna wa 'yan aji littafinka.

Ni dai gwiwoyin nan ba za su hau mota ba, ka sani. Amma na kama ɗana Auta, ya ce Asabar yana hutu, zai zo. Har ya rantse. Ka san shi da shiririta, amma wannan karon na ja masa kunne.

Allah ya ƙara sauƙi. Ka ci abinci, ban da gardama da ma'aikata.
Ƙanwarka

*

Juma'a

Ƙanwata,

Na gode. Jirin ya tafi. Ban kamo labarai ba tukuna.

Jiya babban yatsa ya haɗu da manuni, na ɗaga maɓalli ɗaya. Mai gashin ta yi tafi har na gadon kusa ya farka. Ta ce, "Baba, ashe rowar hannun kake mana!" Na ce aronsa na bayar, ina jira ya dawo.

Ta ware wa Auta lokaci bayan azahar, ta ajiye masa kujera kusa da tebur. Ta ce in aka bar hannun ba motsi a gida, zai sake ƙagewa, hular ta tashi a banza. Na haɗa kayana a jaka. An yi mini aski.

Ki tuna masa, hawa na biyu, ɗakin ƙarshe.
Yayanki

*

Asabar

Ƙanwata,

Lafiya lau. Wannan da hannun dama na rubuta, shi ya sa ba yawa.

Mai gashin ta jira har lokacin tashinta ya wuce, sannan ta mayar da kujerar. Na fito da kayan daga jaka, ni kaɗai, har na ɓalle maɓallin rigar fita.

Auta bai zo ba. Kada ki yi masa faɗa.
Yayanki