Na kai ɗan abokina aikin da bizarsa ba ta yarda da shi ba

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi da duk wanda zai karanta. Don Allah a sakaya sunana. Na san za a ce mai furfura bai kamata ya kawo kukansa gaban 'ya'yan cikinsa ba, amma ku ji ni tukuna kafin ku yanke mini hukunci.

Ina zaune a Cheetham Hill, cikin Manchester. Kafin in zo nan, aikin wutar lantarki ya kai ni Kwatano, na yi shekaru a Jidda, na taɓa Italiya. Ina jin Larabci da Faransanci ban da Turanci, shi ya sa mutanenmu suka ɗauke ni masanin takardun zama. Duk wanda ya rikice sai a ce masa, "Je ka wurin Baba." Na saba da daɗin wannan har na manta yadda ake cewa ban sani ba.

Akwai ɗan wani abokina marigayi, zan kira shi Bulus. Da mahaifinsa muka tashi layi ɗaya a Kaduna, su coci mu masallaci, tuwo kuwa kwano ɗaya. Bulus ya zo Birmingham da bizar aikin kula da tsofaffi, wani kamfani ne ya ɗauki nauyinsa, yana tare da matarsa da 'yarsu ƙarama. Bara kamfanin ya rage masa ranakun aiki. Ya zo har gida ya rusuna ya gaishe ni, ya ce, "Baba, zaman banza zai kashe ni. Madam tana kallona, ni ina kallon bango." Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai yana da uba a ƙasar nan.

Ga tunanin da na yi. A Kwatano ba wanda ya taɓa tambayata takarda kafin in hau tsani. A Jidda, in kafilinka, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanka, ba shi da aikin da zai ba ka, na sha ganin an kau da kai ka je wani gari ka nemi na cefane. A Italiya yadda ake ɗaukar baƙo a gonakin kudu daban da yadda ake yi a masana'antun arewa. Sai na ɗauka nan ma kowane gari da tafiyarsa: Birmingham ta riƙe ranakunta, Manchester ta ci Juma'a da Asabar, wa zai damu? Na kai shi wurin wani aminina ɗan Sudan mai babban sito na kayan sari. Mutumin ya tambaye ni da Larabci, "Ya Hajj, takardunsa fa?" Na ce na duba da idona, ba matsala. Abin da na duba kuwa, Bulus ya miƙo mini wayarsa, na ga hotonsa da ranar ƙarewar biza, na mayar masa. Ƙananan rubutun da ke ƙasa ban karanta ba. Shi Bulus yana tsaye kansa a sunkuye, yadda yaranmu ke yi idan babba yana magana a madadinsu, ga Turanci a bakinsa amma bai tofa ko kalma ba. Da muka fito ya ce, "Baba, me ya ce a kan bizar?" Na ce, "Ya ce zai daidaita komai ta wajensa." Mutumin bai faɗi haka ba. Ni na ƙirƙira, don kada in ga shakka a fuskar yaron. Kowannensu ya tafi yana zaton ɗayan ya bincika, ni kaɗai na san ba wanda ya bincika.

Makon jiya ina jiran bas na ga jami'an shige da fice sun shiga siton da ke maƙwabtaka da na aminina, suka fito da mutum biyu. Ɗaya yana riƙe da robar abincinsa, ko rufe ta bai samu yi ba. Da na koma gida na tambayi 'yata, wadda ke aiki a ofishin ɗaukar ma'aikata na wani asibiti, kamar labarin wani nake bayarwa. Ta ce, "Baba, nan ba gari ake dubawa ba, irin aikin ake dubawa. Mai tsinkar 'ya'yan itace a gona da bizarsa, ɗalibi da tasa, mai kula da tsofaffi da tasa. An yarda ya ƙara 'yan sa'o'i a wani wuri, amma sai a irin ayyukan da doka ta ware, ɗaukar kwali a sito ba ya ciki. In aka gano za a iya soke bizar, matar da yarinyar su bi shi, mai siton ma ya sha tara." Sannan ta dube ni ta ce, "Wa ya ba shi wannan shawarar? Wallahi ya cuce shi." Na ce wani ne a masallaci.

Yanzu ko motar 'yan sanda na ji a titi sai in leƙa ta taga. Da wane ido zan kalli uwar Bulus, wadda ta sayar da gonarta ya zo? Yarinyar nan da ba ta san wata makaranta ba sai ta Birmingham, wa zai yi mata bayani? Abin da ya fi tsorata ni, aminina ya sa duk ma'aikatansa su kawo shaidar izinin aiki ya duba a kwamfuta, amma ya ce mini, "Naka ba sai ya kawo ba, ya Hajj, maganarka ta ishe ni." Na yi dariya, na sha shayinsa, na fito. In na ce wa Bulus ya daina zuwa, watannin da ya riga ya yi fa, za su goge? In na faɗa wa mai siton, zai rufa mana asiri ko zai nemi ya wanke kansa da Bulus? In na kai Bulus wurin lauya, dole in buɗe baki a gabansa in ce ƙarya na yi da sunan mai siton.

Jiya Bulus ya kira ni da murna. Ya ce akwai abokan aikinsa biyu da aka rage wa ranaku kamarsa, ya gaya musu Baba ya ce ba matsala, har sun yanki tikitin mota, za su biyo shi wannan Juma'ar in kai su siton. Ya ce, "Baba, in ba don kai ba, da ban san inda zan sa kaina ba." Na ce Allah ya kawo ku lafiya, na kashe waya.

Jama'a, yau Laraba. Me zan yi?