Murjanin Yaya Yana Koɗewa, Inna Tana Ramewa

Assalamu alaikum Hajiya Zuliha. Don girman Allah ki taimake ni, kuma ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe kafin ki yi dariya, domin duk wanda na faɗa wa da dariya yake farawa, ni kuwa abin ya hana ni sukuni.

Ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, noman rani muke yi da ruwan kanal. Yayana Ibrahimu ya yi shekaru a Jidda yana aiki a shagon da ake sayar da kifayen ado. Da ya dawo gida, ba abin da ya sa a ransa sai murjani. Ba irin wanda mata ke sawa a wuya ba, Hajiya, mai rai, wanda yake girma a ƙarƙashin teku kamar dutse mai rassa. Ya haɗa akwatin gilashi, ya tanadi gishiri na musamman da fitila da ɗan injin da ke juya ruwa da batura, ya je har Legas ya sayo murjanin, ya ajiye a ɗakin Inna, mahaifiyarmu. Tsiya kam ya sha ta. Ni da bakina na ce masa mutane suna kiwon tumaki, shi yana kiwon dutse. Amma wallahi abin akwai kyau, wani shuɗi, wani kore shar, wani ja kamar ƙunshi.

Bara da damina Allah ya yi wa Yaya rasuwa. Tun daga nan Inna ta jawo tabarmarta gaban akwatin nan. Nan take lazimi, nan take cin abinci, wani lokaci in ji tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ni na ci gaba da kula da shi iyakar abin da marigayi ya nuna mini, komai yana tafiya daidai har muka shiga bazarar nan. Ga zafi kamar zai gasa mutum, ga ɗauke wuta ba dare ba rana. Sai launin ya fara dishewa, kan rassan ya yi fari fat, wasu suka koma ruwan ƙasa. Yadda yake koɗewa haka Inna take ramewa. Tuwon da take ci yanzu ko jariri ba zai ƙoshi da shi ba. Ta ce da ni wai abin Ibrahimu ma shirin binsa yake yi. Hajiya, sai da na fita waje na yi kuka.

Ran nan na dawo daga gona da hantsi saboda ba a sako mana ruwa ba. Ina shiga na tarar Inna ta yaye labule rana tana dukan gilashin, ta kwance bakin zanenta, ta tsunkuli takin yuriya ta yi bisimilla ta barbaɗa a ciki, sannan ta ɗauki buta ta ƙara ruwan kanal. Innalillahi! Ita kuwa da murnarta ta shiga yi mini bayani wai yunwa ce ke damunsa, tun da ta ga ya fara fari take ba shi, kuma ruwan kanal ya fi na rijiya ƙarfi. Inna fa gwanar renon irin albasa ce, daga ƙauyuka ake zuwa sayen nata, kuma haka take yi wa iri idan ya yi ɗorawa ya miƙe. Marigayi kuwa ko hannu mai sabulu ba ya bari a tsoma a ruwan nan.

In na ce mata ita ke kashe murjanin, na san zuciyarta ba za ta ɗauka ba. In na yi shiru, zai mutu a kan idonta. Abokina Lukmanu, marini ne a Kura, ya ce in kawo masa rassan da suka yi fari ya rina su shuɗi in mayar, Inna ba za ta gane ba. Har na fara yarda, amma ban kai masa ba tukuna. Yaya zan yi, Hajiya? Ba dutsen nake ji ba, uwata nake ji.

Naki,
Mai Damuwa daga bakin kanal

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗana. Ban yi dariya ba. Allah ya jiƙan Ibrahimu, ya sa ya huta.

Na kai wasiƙarka wajen wani malami da ya karanci halittun ruwa, ga abin da na fahimta. Launin murjani yana zuwa ne daga wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani, waɗanda suke zaune a cikin fatarsa suna ciyar da shi. Idan ruwa ya yi zafi ko haske ya yi yawa, sai ya kore su ya yi fari. Taki kuwa, ko kaɗan ne, guba ne gare shi, yana dusashe shi ya mai da shi ruwan ƙasa, kuma ruwan kanal ya riga ya kwaso taki da maganin feshi daga gonaki. Saboda haka a saki labule, a sa fanka tana kaɗa saman ruwan, a riƙa jefa robar ƙanƙara rufaffiya idan rana ta take, baturan kuma kada su kwana ba caji. A riƙa rage ruwan kaɗan-kaɗan ana mayar da sabo da aka haɗa da gishirin da yayanka ya bari, ba na miya ba, kuma da ruwa tatacce. Reshen da yake da sauran fata a jikinsa yana iya farfaɗowa a hankali. Wanda ya zama ƙashi tsura ya riga ya tafi.

Lukmanu tausayi ne ya sa shi faɗin haka, na gane. Amma kada ka kuskura. Rini zai kashe sauran masu ran, sannan matar da ta ƙare rayuwarta tana bambance iri mai rai da matacce ba za ka rufe ta da baban rini ba. Ranar da ta gane, za ta rasa murjanin, ta kuma daina yarda da maganarka.

Shirun ma ba mafita ba ne. Ka lura da abin da ita kanta ta faɗa maka: sai da ya fara fari ta fara sa taki. Ke nan zafi ne ya fara cutar da shi, ba Inna ba, kuma wannan gaskiya ce da za ka iya faɗa mata kanka tsaye. Ka ce ka tambayi masana, sun ce shi ba kamar albasa ba ne, ɗan teku ne, taki da rana ƙara masa ciwo suke yi, sanyi da inuwa yake so. Kada ka ce ta tsame hannunta. Mai reno ce, reno take nema. Ka ba ta aikin labule da canjin ƙanƙara, kai ka riƙe na ruwa. Ka kuma faɗa mata tun yanzu cewa yana iya tashi, yana iya ƙin tashi, ku dai kun yi naku.

Sai maganar da ta fi damuna. Ka kai Inna asibiti a duba wannan rama, kada ka jira launi ya dawo. Kuma ina jin tun bayan sadakar arba'in ba mai ambaton Ibrahimu a gabanta don gudun kada ta yi kuka, shi ya sa take hira da gilashi. Ka ɗauko kwanon tuwonka ka zauna a tabarmar nan kullum, ka ce ta ba ka labarin ƙuruciyarsa, in ta yi kuka ku yi tare. Ɗa ɗaya ta binne, ɗana, ba biyu ba. Ka matso kusa ta gan ka.

Allah ya ba Inna lafiya da haƙuri, kai kuma ya yi maka albarka.

Hajiya Zuliha