Gadar Tsakar Gida

Litinin, 4 ga Nuwamba
Wejdan ta ofishin adana tsofaffin gidaje ta zo. Wai za su sa wa gadata mariƙin ƙarfe. 'Yar gadar dutsen teku ce a tsakar gidan da nake gadi bayan ƙofar Bab Makka a Jidda, kan kwatar da ke kai ruwan sama rijiyar ƙarƙashin ƙasa. Ɗakina na ƙetarenta. Na ce mata waɗanda suka ɗaure bakan gadar nan ba su manta da mariƙi ba, ba su so ne. Ta ce, "Ya ammi," wato baffa da Larabci, "ƙafarka fa." Me ƙafata ta yi mata?

Alhamis, 7 ga Nuwamba
'Yata Naja'atu ta kira. Ashe sun haɗa baki. Ko in yarda da mariƙi, ko ta kwashe ni zuwa gidanta a unguwar Khumra, tsakiyar sito-sito. "Baba, halas, magana ta ƙare, ka zaɓa." 'Yar da na goya kan gadar nan!

Asabar, 9 ga Nuwamba
Ba wanda ya leƙo. Na ƙetara, na dawo, na sake ƙetarawa don kaina.

Talata, 12 ga Nuwamba
Mai walda ya zo da injin huda. Na zauna tsakiyar gada, sanda a cinya. Na ce ƙarfe in ya sha gishirin iskar Jidda kumbura yake, ya tsaga dutse. Ya kira Wejdan. Ta ce gaskiya ne, a fasa ƙarfen, Mazen kafinta zai yi na katako, a kafa shi gefe, ba a taɓa dutse ba. Ban so ta yarda da sauri haka ba. Ta bar ni ba hujja.

Lahadi, 17 ga Nuwamba
Yayyafi. Dutsen ya yi santsi. Na kai gwiwa ƙasa a kan bakan, na daɗe ina kallon ruwa na bi ta ƙarƙashina kafin in iya tashi. Ban gaya wa Naja'atu ba. Sallar La'asar a zaune na yi ta.

Juma'a, 22 ga Nuwamba
Jiya Mazen ya kafa abinsa. Muni gare shi, na kuma faɗa masa. Da zai tafi ya ce, "Ammi, tsayin ya yi?" Na ce ban sani ba, ba ni zan riƙe ba.
Khumra dai ba ni zuwa.
Gobe in Mazen ya zo kwashe kayansa, sai ya goge wajen tsakiyar katakon. Yana kartar tafin hannu.