Ruwan da Ba Ya Jiran Hadari

Abu ɗaya nake roƙo: in ban dawo ba, kada a raba ku. Kambai, Alice, ni ce mamanku Justina. Da hankalina nake magana, gajiya ce kawai. Ban iya rubutu ba, shi ya sa Anti Celestina ta riƙe min waya ina faɗa. Kambai, ka juya wa ƙanwarka da Turanci, kar ka rage komai.

Tun da council, hukumar garin nan, suka yanke mana taimako, kun san mota ke kwasarmu daga unguwarmu Rusholme zuwa bakin teku, muna tsinkar wani ganye mai gishiri da gidajen abinci ke saye. Wurin kamar fadamar garinmu yake, ciyawa, laka, da ƙananan kwazazzabai. To a gida sai an yi hadari fadama ke cika. Ran Alhamis na ɗaga kai, sama tas, na ci gaba da tsinka. Ashe ruwan tekun nan nasu ba ya jiran hadari. Kullum sai ya zo, shiru, kuma ta baya yake zagayowa. Ina waiwayawa, hanyar da na biyo ta zama kogi. Laka ta riƙe ni har gwiwa. Wata mata ce ta fizgo ni, takalmina ɗaya yana can.

Gobe zan koma. In ban je ba, wata za a sa a kujerata.

Na ɗaya, ku tafi unguwar Lozells wurin kawunku Manasseh, ku biyu, mota ɗaya. Ko wa ya zo da takardar raba ku, Kambai, ka riƙe hannun Alice. Maganar da kawunku ya yaɓa min ran jana'izar babanku, na yafe. Na gaji da riƙe ta. Ku durƙusa ku gaishe shi.

Na biyu, zanen aurena na Alice ne. Littafi Mai Tsarki na babanku, naka ne Kambai. Ni ƙarƙashin filo kawai na iya sa shi, kai ka karanta.

Na uku, babbar tukunyar nan ta Maman Choji ce, a wanke a mayar. Abin shaƙar asmar Alice yana aljihun jakarta, kar sanyi ya shigo babu shi.

Na huɗu, ko na nawa ne ma. In makaranta ta kai ku bakin teku, ku dinga waiwaye.

Ubangiji ya raya min ku, ya haɗa kanku, ya sa ƙafarku a busasshiyar ƙasa. Ku ci a kwano ɗaya.

Celestina ta ji komai. Na gaya wa Fasto Tomas bayan sujada. Na kuma kira kakarku a gida na gaya mata. Ta ce in kwantar da hankalina, in dai dinga duba sama kafin in shiga.