Cigiyar Hamma Abdulƙadir

Nassarawo, Jimeta
3 ga Maris, 2024

Zuwa ga abokina Ephraim,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya Fatakwal, yaya ƙaton cikinka? Tunda ka jefa wayarka a kogi, ga takarda. Ka yi haƙuri da rubutun, bokon nawa a jikin waya na tsince shi.

Yayata Adda Kausar ta kusa gama mastas ɗinta na harkar sadarwa. Aikinta wani layin waya ne: wanda ɗan'uwansa ya ɓace lokacin Boko Haram ya kira, ya yi cigiya da muryarsa, a yaɗa ta rediyo da wasaf. Ka san don wa take yi. Yayanmu Hamma Abdulƙadir, tun da aka shiga Mubi yana ɗalibi, ko takalminsa ba mu gani ba.

Matsalar ita ce na'urar tana jera mutane ne da suna, mahaifiyarmu Dada kuwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Adda ta roƙe ta har da kuka, ta ƙi. Ka tuna yadda nake kwaikwayon muryar Dada in kore ku daga gindin mangwaro? To, na kira layin a ɓoye, na faɗi sunan Hamma cikakke da muryarta. Adda ta ji, ta sha Dada ce ta sauko, ta yaɗa.

Ka gai da matarka Becky.

Naka,
Haladu

Nassarawo, Jimeta
21 ga Maris, 2024

Ephraim,

Ina fatan kuna lafiya. Zauna kafin ka karanta.

Hamma yana da rai. Yana Garwa, a Kamaru, yana ɗinki. Ya tsere daga hannun mutanen dajin tuntuni, amma yana tsoron dawowa kada a ce shi ma nasu ne. Cigiyar ta isa gare shi, ya bar saƙo a layin. Ya ce wannan ba uwarsa ba ce, uwarsa ba za ta taɓa kiran sunansa ba. Ko dai tarko ake ɗana masa, ko ta rasu ana wasa da muryarta. Ya ce kada a sake nemansa.

Adda ta jefe ni da murfin tukunya, ta kuma same ni. Malamarta Dakta Hilda ta ce in an sake samun muryar bogi za a rufe layin. Wannan karon ban yi dariya ba, Ephraim. Shekara goma muna nema, ni na kore shi da bakina.

Dada ba ta yi mini faɗa ba. Bayan la'asar ta ce in danna mata lambar layin. Abin da ta faɗa kawai: wancan da ya tafi Mubi da jan bargonta, ya dawo mata da abinta. Ta miƙo mini wayar, ta koma tsinke zogale.

Ka sa mu a addu'ar coci.

Haladu

Nassarawo, Jimeta
9 ga Afrilu, 2024

Ephraim,

Gaisuwa, yaya Becky da jiki?

Hamma ya zo shekaranjiya. Ya rame, ga furfura, gemuna ma ya fi nasa kyau. Adda ta rungume shi a ƙofar gida tana ihu, maƙwabta suka cika tsakar gida. Yanzu ta gyara na'urar, ana iya cigiya ba suna, Dakta Hilda ta ce ta ƙara babi a kan haka a littafin mastas ɗinta. Na ce a sa sunana a littafin, ta sake ɗaukar murfi.

Dada ko kallonsa ba ta yi ba. Ya durƙusa, ya ajiye sabon bargo ja a gabanta. Ta shafa, ta ce wannan bai kai nata kauri ba, ta ɗauke shi ta shige kicin. Na bi ta, na tarar ta rufe fuska da bargon, kafaɗunta suna rawa. Da ta ankara da ni, ta ce in je in tambayi baƙon ko har yanzu ba ya cin yaji.

Na je na tambaye shi. Da muryata.

Naka har kullum,
Haladu